Kashi na Goma Sha Uku

Daren Laraba, bayan lisha,
Hajiya Luba kan fito da talabijin tsakar gida,
ta ɗora shi bisa kifaffen turmi,
janareta na tari a bayan zaure.
Rabin layinmu na Mabera kan tabarma uku.
Ni can baya nake zama, jikin randa,
inda haske ba ya kai wa fuska.

Matar cikin akwatin, an ɗaure mijinta.
Tana kuka, kwallinta bai motsa ba.
Leshinta ya sha guga,
kujerun falonta ba wanda ya zo saye.
In ta sa hannu a ka, sai garaya ta tashi.
Ni ran da aka tafi da Modi
ba abin da ya tashi sai kajin maƙwabta.

Duk sanda aka nuno ƙofar ƙarfe
wuyoyi kan juyo a hankali,
a dube ni, a dubi akwatin,
kamar mai gwada zane da kallabi.
"Ige, haka abin yake?"
Nakan ce haka yake.
Wa zai tsaya bayani ana tsakar kallo?

Ba su nuna layin safiyar Asabar ba,
rana tun hantsi tana cin ƙeya,
ba su nuna yadda ganduroba
ke soka cokali cikin tuwon da na tuƙa da asuba,
ya tona shi gefe da gefe,
ya ce in ɗanɗana miyar a gabansa.
Ba su nuna kuɗin mota ba.
Ba su nuna babur ɗin kabu-kabu
da ruwan damina uku ya ci a harabar 'yan sanda,
ko fasinjan da ya ɗauko da buhu
ya tsallake katanga ya bar masa buhun.

Nasu mijin, lauya ya samu mai farin gashi,
ya buga tebur, alƙali ya girgiza kai.
Namu fayil ɗin, an ce yana wani ofis.
An ɗage zama. An ɗage zama.
Alƙali ya tafi Umra. An ɗage zama.

Nasiba tana ƙirga kashi-kashi da yatsu.
Tana rarrafe aka tafi da ubanta,
yanzu ita ke riƙe mini murfin kwano.
A kashi na goma sha biyu aka buɗe ƙofa,
mutumin ya fito da ƙiba, gemunsa a gyare.
Tsakar gida ta kaure da guɗa,
har Hajiya Luba ta share ido da gefen mayafi.
Nasiba ta ja mini zane:
"Inna, Baba a kashi na nawa yake?"

Asabar na je.
Kofur Cika na bakin teburinsa, cokali a hannu.
Ya buɗe kwanon, ya ɗago kai, ya ce,
"Kin ga na shekaranjiya waccan?
Wallah da anka sako shi sai da niy yi hawaye.
Matag ga ta yi haƙuri."
Na ce ta yi.
Ya soka cokalin, ya tona,
ya ce in ɗanɗana.

Minti biyar suka ba mu.
Modi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.
Ya tambayi kuɗin haya, ya tambayi tarin Nasiba,
ya ce ko an sa rana.
Na ce an kusa.

Larabar nan sabon shiri za a fara,
na wani attajiri da 'ya'yansa, in ji su.
Zan je.
Wataƙila in matsa gaba kaɗan,
tunda ba mai sauran juyowa.